Daga Hatimi zuwa Sa Hannu: Tarihin Lamuni a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna yadda ikon shaidar amanar mutum ya bar bakin jama'a ya koma alƙalamin hukuma.

A dā, dillali ne ke tsaya wa baƙon da ya zo sayen mazarƙwaila a kasuwar Maƙarfi. Dagaci shi ne shaidar jinginar gona, in kuwa rigima ta kai gaban alƙali, hatiminsa ke yanke magana.

Cinikin auduga ne ya fara sauya wannan tsari. A ƙarƙashin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, wakili mai lasisi ke saye, farashi kuma ya rataya ga darajar da malamin duba ya ba audugar.

Dokoki suka biyo baya. A 1977 aka kafa asusun da ke lamunce wa banki har kashi 75 cikin ɗari na bashin da manomi ya kasa biya. Dokar Filaye ta 1978 ta shar'anta yardar gwamna ko ƙaramar hukuma kafin a jinginar da fili. A 1987 aka shigo da inshorar noma, aka ɗaura ta da bashin banki.

Abin lura a nan shi ne, kowace doka ta ƙara wa manomi hannun da zai nema. Manomin raken Kudan da duk gari ya shaida amanarsa baƙo ne a gaban manajan banki. Saboda haka muke ganin bai kamata a ɗauki ɗorewar adashi da bashin dillali a matsayin jahilci ba: a can ne shaidar maƙwabci ke da daraja.