Abin da Ɗigon Jini Ke Faɗa Kan Sankarar Tumbi

Mu da muka koyi aikin gwajin jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello tun yana Tudun Wada, kafin a koma Shika a 2005, da ido muka fara. A shafa jini a kan gilashi, a rina shi, a duƙa kan madubin likita ana ƙirga fararen ƙwayoyin jini har ɗari. A wancan lokacin ƙwayar cuta muke farauta. Ba mu ɗauka lissafin yana da abin faɗa kan sankara ba.

Alhali tun 1863 Rudolf Virchow, likitan Jamus, ya danganta sankara da daɗaɗɗen kumburi. A 1982 Barry Marshall da Robin Warren suka gano Helicobacter pylori a Ostireliya, ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki, kuma a 1994 aka sanya ta cikin masu jawo sankarar tumbi. Daga nan hankalin likitoci ya koma kan jini. A Gilasgo, Donald McMillan da abokan aikinsa suka haɗa awon sinadaran jini biyu da kumburi ke shafa, CRP da albumin: idan na farko ya haura 10, na biyu ya gaza 35, jikin mara lafiya ya fara gazawa. Masu bincike a Japan kuma suka nuna cewa idan, cikin fararen ƙwayoyin jini, nutirofil suka rinjayi limfosait da yawa, mai sankarar tumbi bai cika yin nisan kwana ba.

Irin wannan awo ya dace da mu, domin yana fitowa daga gwajin jini mai araha. Sai dai zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka su ma suna ɗaga CRP, sannan yawancin baƙar fatar Afirka ta Yamma nutirofil ɗinsu ƙasa yake da na Turawa tun halitta. Ma'aunin Gilasgo ko na Japan zai iya ruɗin likita a Shika. Wajibi ne masananmu na Samaru su tattara bayanan marasa lafiyarmu, su fitar da namu ma'aunin.

Kuma awon ba ya gano cutar, nauyinta kawai yake nunawa. Duk wanda olsa ta ƙi jin magani, yana rama, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ya daina yawon kemis a Sabon Gari, ya je asibiti a leƙa cikinsa da na'ura tun da wuri.