Daga Asabari Zuwa Ƙyauren Kanti: Tarihin Ƙofar Ɗaki a Unguwarmu

Kakanninmu da suka gangaro Lafiya daga Kano da Katsina da Zazzau sun tarar da garin Barebari, wanda Muhammadu Dunama ya kafa a ƙarshen ƙarni na 18. Wasu fataucin gishirin Awe da Keana ne ya kawo su, wasu kuma sun biyo layin dogo da ya ratsa garin a shekarun 1920, tun kafin a buɗe gadar Makurɗi a 1932. Duk inda suka sauka sun gina gida irin na can Arewa: zaure a gaba, shigifa a tsakiya, sannan ɗakunan iyali a kewayen tsakar gida.

A irin wannan gida ƙyaure na gaske ɗaya ne, na zaure, sai ko na turakar maigida idan mai hali ne. Katako ne masu kauri aka jera, maƙeri ya ɗaure su da ƙarfe, ƙyauren yana juyawa a kan turke sama da ƙasa. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano ya ga manyansu, na tsofaffin ƙofofin birni. Ɗakunan ciki kuwa asabari ne ko tufaniya, daga baya labule ya shigo. Abin da ke tsare sirrin gida shi ne tsarin ginin kansa, domin ba a ɗora ƙofar zaure ta kalli ta shigifa, saboda haka mai wucewa ba ya hango cikin gida.

Awon ƙofa a lokacin yana jikin magini. Da kamu da taƙi yake gwadawa, ya ɗora azara a sama, ya ɗaga dokin ƙofa don kada ruwa ya kwararo ɗaki. Ƙofar takan zo gajeruwa, sai ka sunkuya, domin ƙaramar kafa ba ta raunana bangon ƙasa, tana kuma rage zafi da ƙura. Ba ƙofa biyu da suka zo daidai, kuma ba wanda ya damu, tunda asabari ba ya gardama. In ma za a yi ƙyaure, sai an gama gini kafinta ya zo ya auna, ya yi shi daidai da ramin. Wato ƙyaure ne ke bin ƙofa.

Zuwan Turawa ya kawo wani awon. Gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da ofisoshin En'e an gina su da ƙafa da inci, kuma ƙyauren ɗaki da aka saba da shi a Ingila tsawonsa ƙafa 6 da inci 6 ne, faɗinsa ƙafa 2 da rabi. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antar katako ta Sapele ta fara fitar da falle-fallen katako, ƙyaure mara nauyi ya yi araha. A shekarun 1970 Nijeriya ta koma awon mita, amma har gobe a bakin kafintocinmu "ƙafa uku" da "biyu da rabi" ake ji.

Babban sauyi ya zo bayan 1 ga Oktoba 1996, ranar da aka cire jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama babban birni. Ma'aikata suka cika gari, haya ta yi tsada, aka rushe gidajen ƙasa aka ɗora na bulo. Ɗaki da falo da banɗaki suka haɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowanne na neman ƙyaurensa. Kantuna suka cika da ƙyaure haɗe da firam, na gida da na China da na Turkiyya, a kan awo tsayayye: tsawo mita 2.1, faɗi santimita 90 na ɗaki, 75 na banɗaki. To, a nan ne lamarin ya juya. Yanzu ƙofa ce ke bin ƙyaure, amma da yawanmu muna gini da tunanin dā, a bar rami da ido, wai daga baya a san yadda za a yi.

Sakamakon kuwa muna ganinsa: a fasa bangon da aka gama wa filasta, ko a cusa siminti a giɓi ya tsage cikin shekara. Ran jere kuma a tsaya cirko-cirko, sif ɗin amarya ya ƙi shiga.

Maganin ba wuya. A zaɓi ƙyaure tun kafin gini ya kai linta, a bai wa birkila awonsa har da firam. A duba kaurin bango, domin firam ɗin bulo mai inci 6 ba zai rufe mai inci 9 ba, ga kuma filasta. In ramin ya riga ya ginu, a auna faɗinsa sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Tsawo kuma daga saman tayil ake lissafa shi. A bar kamar milimita 3 a gefe da sama, kamar 10 a ƙasa. Wannan ya fi zama dole a nan, domin daminar Lafiya ta fi ta Kano tsawo da laima. Ƙyauren maɗaci da aka matse da hunturu zai kumbura ya cije a watan Agusta, ɗanyen katako kuwa murɗewa zai yi.

Abu na ƙarshe ya shafi iyayenmu. Ƙyaure mai santimita 75, idan an cire kaurin firam, da ƙyar keken mara lafiya ke wucewa, wani ma ba ya wucewa sam. Ɗakin tsohuwa da banɗakinta a sa musu na 90, a kuma kwantar da dokin ƙofa. Magina na dā sun auna ƙofa da rayuwar mutanen da ke cikin gidan, mu ma kada farashin kanti kaɗai ya yanke mana hukunci. Allah ya sa albarka a gidajenmu.