Mallakar bindiga a ƙasar Rano: abin da doka ta tanada

A garuruwan Rano da Kibiya da ke kudancin jihar Kano, bindiga ba baƙuwa ba ce. Maharba na fita daji da ita lokacin rani, 'yan bindigar sarki kuma na harba ta sama a ranakun hawan Sallah. A wasu gidajen takan shekara da shekaru a rataye, daga hannun uba zuwa na ɗa.

To sai dai a idon dokar Nijeriya, bindiga ba ta cikin kayan da gado kaɗai ke halatta wa mutum riƙe su.

Rukuni uku

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku.

Na farko shi ne waɗanda aka haramta, kamar bindigogin soja da ƙananan bindigogin hannu. Shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da izinin mallakarsu.

Na biyu ya ƙunshi bindigar harbin tsuntsaye da doguwar bindigar farauta ko wasan gwada saiti. Lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

Na uku shi ne bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita ce aka fi sani a karkarar Rano, kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke da iko a kanta.

Bindiga mai sakata

A Turai da Amurka, masu wasan gwada saiti na sha'awar doguwar bindigar da ake jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi, domin fitar da kwanson harsashi a sa wani. Ba ta da sauri, amma ƙirarta mai sauƙi ce, kuma idan ana goge ta da mai don gudun tsatsa, takan yi shekaru da dama tana aiki.

Wadda aka fi sani a Nijeriya ita ce Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashi 10, wadda sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a Burma lokacin yaƙin duniya na biyu, 'yan sanda kuma suka daɗe suna amfani da ita. Girman harsashinta, wato .303, na cikin waɗanda dokar ta lissafa a rukunin farko, saboda haka tsufanta bai mayar da ita kayan wasa ba.

Idan mai lasisi ya rasu

Ana ba da lasisi ne ga mutum da sunansa, ba ga gida ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka samu da laifin tayar da hankali cikin shekaru biyar da suka gabata.

Wajibi ne mai bindiga ya adana ta, ya kuma kai rahoto idan ta ɓata. Idan ya rasu, dokar ta ba magada kwana 14 ne kawai su riƙe ta ba tare da lasisi ba. Ko da rabon gado ya faɗa da ita hannun wani, sai ya nemi nasa izinin, ko kuma a miƙa ta ga hukuma.

Samun izinin dai ya ƙara wuya. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce rundunar ta dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawaitar makamai, a 2024 kuma shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai.

Riƙe bindigar rukunin farko ba tare da izini ba na iya jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.