Akufanca wajen magance jarabar shaye-shaye

Akufanca hanya ce ta magani da ta samo asali daga ƙasar Sin, inda ake soka siraran allurai a wasu keɓantattun wurare na jiki. Tun daga shekarun 1970 ake amfani da ita a wasu asibitoci da cibiyoyin gyaran hali a matsayin maganin taimako ga masu ƙoƙarin daina shan giya, taba, hodar iblis, hirowin da sauran miyagun ƙwayoyi. Nau'in da aka fi yi a wannan fanni shi ne na kunne, wanda ake kira tsarin NADA. Masu yin ta suna cewa tana kwantar da hankali, tana rage marmarin ƙwaya, kuma tana sauƙaƙa wahalar da jiki ke shiga idan aka yanke sha. Sai dai manyan gwaje-gwajen kimiyya ba su tabbatar da cewa ta fi akufancar bogi tasiri wajen hana mutum komawa ruwa ba. Don haka likitoci suke ɗaukar ta a matsayin ƙari a kan ainihin magani, ba madadinsa ba.

Suna

Kalmar ta fito ne daga kalmomin Latin guda biyu: acus, wato allura, da punctura, wato suka ko huji. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Willem ten Rhijne, yana cikin Turawan farko da suka yi bayaninta, a wani littafi da ya fitar a 1683 bayan zamansa a Japan. Sinawa kuwa suna cewa zhenjiu, kalmar da ta haɗa abubuwa biyu: sukar allura da kuma ɗumama jiki da ƙonannen ganye.

Akufanca ta bambanta da allurar asibiti, domin allurarta ba ta da rami a ciki kuma ba a ɗura wani ruwan magani da ita. Haka kuma ta bambanta da ƙaho ko hijama da Hausawa suka sani a wurin wanzamai, tunda a akufancar kunne ba a neman fitar da jini.

Tarihi

Littafin likitancin Sin mai suna Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka tsara wannan ilimi. Amma amfani da ita a kan shaye-shaye sabon abu ne. Taswirar kunnen da ake bi a yau ma ba daga tsohuwar Sin ta fito ba. Wani likitan Faransa mai suna Paul Nogier ne, daga birnin Liyon, ya gabatar da ita a shekarun 1950. Ya kwatanta siffar kunne da jaririn da ke kife a cikin mahaifa, ya ce kowane sashe na kunne yana wakiltar wata gaɓa ta jiki.

A 1972, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin Kwong Wah da ke Hong Kong, H. L. Wen, yana amfani da akufanca mai ɗan lantarki don kashe zafi kafin tiyata. Wani majinyacinsa mai shan ofiyom ya shaida masa cewa wahalar yankewar da yake ji ta lafa bayan an sa masa allura a kunne. Wen ya ci gaba da gwadawa a kan wasu masu shan ofiyom da hirowin, kuma a 1973 shi da abokin aikinsa S. Y. C. Cheung suka wallafa sakamakon. Rahoton ya ja hankalin duniya, duk da cewa babu rukunin kwatance a cikinsa, wato wasu majinyata da ba a yi musu ba domin a ga bambanci.

Labarin ya isa unguwar Bronx ta Kudu a birnin New York a lokacin da hirowin ta addabi talakawan yankin. A watan Nuwamban 1970, 'yan ƙungiyoyin Young Lords da Black Panthers tare da wasu ma'aikatan lafiya sun mamaye wani sashe na asibitin Lincoln, suka tilasta buɗe shirin raba mutane da ƙwaya wanda aka sani da Lincoln Detox. Da farko metadon ake bayarwa. Amma da yawa daga cikin masu shirin suna kallon metadon a matsayin musayar wata jaraba da wata, don haka suka nemi hanyar da ba ta ƙwaya ba. A wajajen 1974 suka fara akufanca. Mutulu Shakur, mijin mahaifiyar mawaƙi Tupac Shakur, yana cikin jagororin aikin, kuma shi da wasu sun je birnin Montreal na Kanada sun koyi sana'ar.

A 1978 gwamnatin birnin, ƙarƙashin magajin gari Ed Koch, ta rufe shirin a siffarsa ta farko, aka kori 'yan gwagwarmayar. Aikin akufancar ya ci gaba a hannun likitan ƙwaƙwalwa Michael O. Smith. A 1985 Smith da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar National Acupuncture Detoxification Association, wadda ake taƙaitawa NADA, domin koyar da tsarin bai ɗaya. Kotun masu shaye-shaye ta farko a Amurka, wadda aka buɗe a Miami a 1989, ta sanya akufanca cikin shirinta. Daga nan tsarin ya bazu zuwa gidajen yari da asibitoci a Amurka da ƙasashen Turai kamar Ingila, Jamus da Denmak.

Yadda ake yi

A tsarin NADA ana soka allura har guda biyar a kowane kunne, a wurare biyar da ba sa canzawa:

Wurin jijiyoyin firgici, wato sashen jijiyoyin da ke ɗaura jiki cikin shiri idan an tsorata.
Shen Men, wanda ma'anarsa ita ce ƙofar ruhi, ana kuma danganta shi da natsuwa.
Wurin ƙoda.
Wurin hanta.
Wurin huhu, wanda shi ne Wen ya yi amfani da shi tun farko.

Alluran sirara ne ƙwarai, kuma ba sa shiga da zurfi. Majinyata suna zama tare a ɗaki ɗaya, kowa a kujerarsa da tufafinsa, a yi shiru na tsawon minti 30 zuwa 45, sannan a cire alluran. A kwanakin farko ana iya yi kullum, daga baya a riƙa ragewa. Wani lokaci akan manna ƙwayar iri ko ɗan ƙaramin maganaɗisu a kunne, mutum ya riƙa dannawa da yatsa idan ya koma gida.

Abin da ya sa tsarin ya karɓu shi ne arha da sauƙi. Ma'aikaci ɗaya zai iya kula da mutane da yawa a lokaci guda. Ba a buƙatar majinyaci ya ba da labarin rayuwarsa kafin a yi masa, wanda hakan yana da amfani ga mai jin kunya ko mai tsoron hukuma. A wasu jihohin Amurka doka ta yarda ma'aikatan jinya da masu ba da shawara su yi shi bayan gajeren horo.

Yadda ake ganin tana aiki

A likitancin gargajiya na Sin, ana cewa akwai wani ƙarfi mai suna ci da ke gudana ta wasu hanyoyi a cikin jiki, kuma cuta tana zuwa ne idan gudanarsa ta toshe. Ilimin sassan jiki na zamani bai gano waɗannan hanyoyi ba, kuma bai gano wata alaƙa ta kai tsaye tsakanin wurin hanta na kunne da ita kanta hantar ba.

Bayanin da masu bincike suka fi bayarwa ya shafi sinadaran kashe zafi da ƙwaƙwalwa ke samarwa da kanta, irin su endofin, waɗanda ke aiki a wuraren da ofiyom da hirowin da taramol ke kamawa. A 1976 Bruce Pomeranz ya nuna a jikin ɓeraye cewa nalokzon, maganin da ke toshe waɗannan wurare, yana hana akufanca mai lantarki kashe zafi. Han Jisheng na jami'ar Peking ya nuna cewa saurin bugun lantarkin yana canza nau'in sinadarin da jiki ke saki. Akwai kuma batun jijiyar bagus, wadda wani reshenta yake isa ramin kunne, kuma tana da hannu wajen saisaita bugun zuciya da narkar da abinci. Waɗannan bayanai suna nuna yadda abin zai iya yiwuwa, amma ba hujja ba ne cewa mutum zai daina sha.

Binciken kimiyya

Ƙananan gwaje-gwajen farko sun ba da fata. A 1989 Milton Bullock da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar The Lancet wani gwaji da suka yi a Minneapolis a kan mashaya giya 80 da suka sha komawa ruwa. Daga cikin 40 da aka soka wa allura a wuraren da aka tsara, 21 sun kammala shirin, amma mutum 1 kacal ya kammala daga cikin 40 da aka soka wa a wasu wurare dabam. Da Bullock ya sake gwaji mafi girma da mutum 503, wanda aka wallafa a 2002, bai sami wani ƙarin amfani na akufanca a kan maganin da aka saba bayarwa ba.

Haka aka yi a kan hodar iblis. Wani gwaji na jami'ar Yale da mutum 82, wanda ya fito a 2000, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa akufancar kunne sun fi ba da fitsarin da babu alamar hodar a ciki. Amma a 2002 Arthur Margolin da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar JAMA gwajin mutum 620 a cibiyoyi shida. An raba su kashi uku: akufancar gaske, allura a wuraren da ba na tsarin ba, da zaman hutawa kawai. Shan hodar ya ragu gaba ɗaya, amma akufancar gaske ba ta fi sauran biyun ba.

Ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwaje tana auna ingancinsu, ta duba bincike bakwai a kan hodar iblis a 2006, ta ce babu hujjar cewa akufancar kunne tana magance jarabar. A 2014 ta duba bincike 38 a kan daina shan taba, ta ce babu tsayayyar hujja cewa amfanin yana ɗorewa har wata shida ko fiye.

Binciken yana da wahalhalu na musamman. Yana da wuya a ƙirƙiri akufancar bogi, domin kunne ƙarami ne kuma allura ko'ina aka sa ta sai ta taɓa jijiya. Mai sokawa ya san wace ce ta gaske, kuma hakan na iya shafar yadda yake mu'amala da majinyaci. Sannan majinyata da yawa suna barin gwaji kafin a kammala. Magoya baya suna cewa ainihin amfaninta shi ne riƙe mutum ya ci gaba da zuwa cibiya. Masu suka kuwa suna cewa natsuwar tana zuwa ne daga zaman shiru, kulawar ma'aikata da sa ran samun sauƙi, ba daga allurar ba.

Haɗari

Idan ƙwararre ne ya yi, illolinta ƙanana ne: ɗan zafi, ɗigon jini, jiri, wani lokaci suma. Guringuntsin kunne na iya kamuwa da cuta idan ba a kiyaye tsafta ba. Dole a yi amfani da sabuwar allura sau ɗaya a jefar, domin ciwon hanta nau'in B da C da cutar ƙanjamau sun yawaita a tsakanin masu yi wa kansu allurar ƙwaya.

Babban haɗari shi ne dogara da ita kaɗai. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, idan ya yanke kwatsam, yana iya yin farfaɗiya ko ya fita hayyacinsa har ya mutu, kuma akufanca ba ta hana wannan. Mai shan hirowin, kodin ko taramol da ya daina na 'yan makonni, jikinsa yana rasa juriyar da ya saba da ita. Idan ya koma ya sha adadin da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa.

Matsayinta a yau

A 1996 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar akufanca a matsayin kayan aikin lafiya ga masu lasisi. A 1997 wani kwamitin Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka ya lissafa shaye-shaye cikin matsalolin da akufanca za ta iya zama maganin taimako a kansu, tare da kiran a ƙara bincike. Wannan ya zo ne kafin manyan gwaje-gwajen 2002.

Magungunan da aka tabbatar suna rage mutuwa a tsakanin masu jarabar hirowin da danginta su ne metadon da bufrenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2005. Cibiyoyin da ke yin akufanca a yau galibi suna haɗa ta ne da irin waɗannan magunguna, da ba da shawara, da zaman ƙungiya, da tallafin iyali.