Gwajin PCR na gano ƙwayar cutar da ta fi ƙarfin magani

Staphylococcus aureus, wadda likitoci ke kira stafilokok, ƙwayar cuta ce da ke zama a fata da cikin hanci. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita ba tare da ciwo ba. Amma idan ta samu ƙofa ta wani rauni, ita ke kawo maruru, gyambo mai mugunya, ruɓewar wurin tiyata, ciwon huhu da na ƙashi. Idan ta shiga jini tana iya kisa.

Yadda ta gagari magani

An fara amfani da maganin metisilin wajen 1960, a 1961 kuma aka ga nau'in da ba ya jin sa a Ingila. Shi ne ake kira SARM da Faransanci, MRSA da Turanci. Sirrinsa wani ɗan ƙwayar halitta ne mai suna mecA, wanda ke sa ta gina bangon jikinta ta hanyar da magungunan dangin fenisilin ba sa iya tarewa. Shi ya sa amoksisilin da kloksasilin da seftriyakzon ba sa yi mata komai. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, sama da 100,000 daga SARM kaɗai, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Yadda ake gwajin

Tsohuwar hanya ita ce a ɗebi mugunya ko jini, a raini ƙwayar a ɗakin gwaji, sannan a jarraba mata magunguna. Wannan kan ɗauki kwana biyu zuwa uku. PCR kuwa, wanda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ba ya jiran ta tsiro. Na'ura ce ke ninka ɗan guntun DNA sau miliyoyi har a gan shi, tana neman alamar stafilokok da kuma mecA. Da na'urar GeneXpert, wadda tuni ake gwajin tarin fuka da ita a Nijar, sakamako na fitowa cikin kamar awa ɗaya, sai dai kowace cuta da nata kwalin gwaji. A Yamai, cibiyar CERMES na cikin wuraren da ke aikin PCR.

Iyakarsa

Gwajin na da tsada, yana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi. Ba ya faɗin duk magungunan da za su yi aiki, don haka ba a daina rainon ƙwayar ba. Kuma samun ta a hanci ba ya nufin mutum ba shi da lafiya.

Abin da ya shafi Madawa, Buza da Keita

A waɗannan gundumomi na jihar Tawa, yara masu tamowa, jarirai, masu ciwon sukari da matan da aka yi wa tiyatar haihuwa su ne suka fi shiga haɗari. A asibitin Madawa, inda ƙungiyar MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara, akan kwantar da yara da yawa lokacin damina, cunkoso kuwa na sauƙaƙa yaɗuwarta ta hannu da kayan shimfiɗa.

Sayen kafso a tebur, da fasa shi a barbaɗa a gyambo, da barin magani tun bai ƙare ba, duk suna ƙara mata ƙarfi. Marurun da ke ƙara kumbura bayan kwana biyu ko uku ana shan magani, ko wanda ya zo da zazzaɓi, a kai shi CSI ko asibitin gunduma, a gaya wa likita duk maganin da aka riga aka sha. A rufe rauni, a wanke hannu da sabulu, kada a haɗa reza ko tawul da wani.