Maimaici mai ƙidaya: yadda ake sa inji ya maimaita aiki

Maimaici mai ƙidaya, wanda ma'aikata ke kira « boucle FOR », umarni ne da ke sa na'ura ta maimaita aiki guda sau adadin da aka ƙayyade mata tun farko. Ana amfani da shi a cikin « automate », ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da injunan masana'antu, kamar na cika kwalabe ko na tura ruwa.

A harshen Structured Text, na ƙa'idar IEC 61131-3 da ta fito a 1993, ana rubuta shi haka: FOR i := 1 TO 10 DO … END_FOR. Harafin i ne ke riƙe ƙidayar: yana farawa daga 1, yana ƙaruwa da ɗaya har ya kai 10. Da ƴan layuka sai a duba zafin injuna goma.

Wurare biyu ake yawan tuntuɓe. Na farko, daga 0 zuwa 10 sau 11 ne, ba 10 ba. Na biyu, automate zagaye yake yi cikin ƴan milisakan: ya karanta ma'aunai, ya yi lissafi, sannan ya ba injuna umarni. Sai maimaicin ya ƙare baki ɗaya yake wucewa gaba. In ya daɗe ƙwarai, agogon tsaro na iya tsayar da automate ɗin, aiki ya tsaya cik.

Don haka ba a jira da FOR. Jira aikin TON ne, ƙidayar kwalabe masu wucewa kuwa aikin CTU.