Tarihin Giyar Gida a Ƙasashen Turai da Amurka

A zamanin dā, dafa giya a ƙasar Turai aikin mata ne a cikin gida, kamar girki da saƙa. Sukan jiƙa sha'ir ya tsira, su shanya, su niƙa, su dafa, kamar dai yadda ake yi da dawa wajen dafa burkutu. Katarina, wadda Martin Luther ya aura a shekara ta 1525, ita da kanta take dafa giyar da ake sha a gidansu a garin Wittenberg na ƙasar Jamus, ba wanda ya ga laifinta.

Da masana'antu suka bunƙasa, sai aikin ya bar hannun mata ya koma kamfanoni, gwamnati kuma ta sa ido saboda haraji. A shekara ta 1880 Ingila ta kafa doka cewa mai son dafa giya a gidansa sai ya yanki lasisi.

A Amurka kuwa ɗakunan shan giya suka yi yawa. Maza suna ƙarar da albashi a can, mata da yara suna kwana da yunwa. Wannan ya sa matan ikilisiyoyi suka kafa ƙungiyar yaƙi da shaye-shaye a 1874, fastoci da yawa suka goyi bayansu. A 1920 aka hana dafa giya da sayar da ita a ƙasar duka. Amma hanin bai kashe ƙishin ba. Kantuna suka riƙa sayar da ruwan tsiron sha'ir a gwangwani da sunan kayan burodi, mutane suna saye suna dafa giya a ɓoye. 'Yan fasa-ƙwauri suka yi arziki, muguwar barasa ta kashe mutane da dama. A 1933 aka soke dokar, sai dai giyar gida ta zauna cikin haramci.

Ingila ce ta fara sassauci, ta cire lasisin a 1963. A Amurka sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter, ɗan ikilisiyar Baptis kuma malamin makarantar Lahadi, ya sa hannu a dokar da ta ba da izini, ta fara aiki a 1979. Baligi ɗaya yana iya dafa galan 100 a shekara, wato wajen lita 380, gida mai manya biyu galan 200, amma ban da sayarwa. Jihohin Alabama da Misisipi su ne na ƙarshe da suka yarda, a 2013.

Daga nan abin ya zama aikin sha'awa. Sabon shiga yakan fara da kimanin lita 19. Ya tafasa ruwan tsiro da furen wata ciyawa mai ɗaci na tsawon awa guda, ya bari ya huce, ya zuba yisti, ya rufe bokitin kamar mako biyu. Sa'an nan ya ɗura a kwalabe da ɗan sukari, ya sake jiran mako biyu. Babban abin kula shi ne tsabtar kayan aiki, gama ƙazanta kaɗan takan sa giyar ta yi tsami.

Har yau masu bi ba su zama baki ɗaya a kan wannan batu ba. Waɗansu ikilisiyoyi sun hana giya sam, waɗansu sun yarda da ita bisa ma'auni, amma dukansu sun ƙi buguwa, yadda Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa. Matan 1874 sun ga ɓarna ta gaske a gidajensu, shekaru goma sha uku na hani kuwa ba su kawar da ita ba. Gwamnati tana iya ƙayyade galan, amma koya wa mutum kamun kai ya rage ga iyaye da ikilisiya.